Na samu 'yar kyamara mara madubi, wane lens ya kamata in fara saya?

Ummu_Kwalliya ta rubuta:

Salam 'yan uwa masu hoto, dan Allah shawara nake nema. Ni kwalliyar amare nake yi a nan Unguwar Rimi, tun da na fara da waya nake ɗaukan aikina in ɗora a Instagram, to watan jiya Yayana ya dawo daga Dubai ya kawo min Sony a6400 sabuwa fil a kwalinta da ɗan lens ɗin da take zuwa da shi mai 16-50. Wallahi rashin nauyinta ya burge ni, a jakar da nake zuba su hoda da gazal nake jefa ta ba na ma jin ta. Ran Asabar muka je Gamji Gate da ƙannena da yamma na gwada ta a bakin kogi, hotuna suka fito tas har idon mutum take bi da kanta ko yana tafiya.

Amma a ɗaki fa labari ya sha bamban. Amaryar da na yi wa kwalliyar kamu fuskarta ta fito da ƙwaya-ƙwaya kamar an barbaɗa mata gero, kuma bayanta bai narke ba irin yadda nake gani a hotunan masu sana'a, har labule da akwatunan lefe duk sun fito raɗau. A hol ɗin dina kuma wasu layuka baƙaƙe suka riƙa ratsa hoton. Sannan yanzu in na ɗau sama sai in ga ɗigo-ɗigo guda uku kullum a waje ɗaya, na goge gaban lens ɗin har na gaji suna nan. Wani ya ce min 50mm zan saya, wani ya ce 30mm, ni ko lambobin ma ban gane ba kuma kuɗin ɗaya kacal gare ni. Ga gwaggon amarya da ta kalle ni ta ce wai da wannan abar wasan yaran zan ɗauki 'yarsu, abin ya tsaya min a rai gaskiya.

Sadiq_TudunWada ya amsa:

Malama barka da arziki, kin samu kaya mai kyau. Tun 2019 ta fito amma har gobe 'yan biki na cin abinci da ita, megafiksel 24 ce kuma wajen kama ido sai dai a sara mata. Lens ɗin da ke jikinta ne bai son duhu. Duba gabansa za ki ga an rubuta 3.5-5.6, wannan lambar girman ƙofar da haske ke shiga ce, kuma iya ƙanƙantar lambar iya faɗin ƙofar. Da zarar kin jawo zum zuwa 50 ƙofar ta tsuke ta koma 5.6, sai kyamara ta rasa haske ta ɗaga ISO sama, wato ta ƙara wa hoton haske da ƙarfin tsiya, shi ne geron da kika gani. Lens mai 1.4 haskensa ya ninka na 5.6 sau 16, ba sau biyu ba, sau goma sha shida, kuma buɗewar nan ce dai ke narkar da baya.

Ni Sigma 30mm 1.4 zan ce ki saya. Dalili kuwa sensar kyamararki, wato ɗan farantin ciki da ke karɓar hoton, ba mai cikakken girma ba ce, lambar mm da ke jikin lens, wadda iya girmanta iya yadda take matso da abu kusa, sai kin ninka ta da 1.5, wato 30 ya zama 45, shi kuma 50 ya zama 75. To ki tuna yadda ɗakin amarya yake ran kamu, ga gado ga sif ga ƙawaye goma sha a zaune ga yara na shige da fice, in 50mm ne sai kin ja baya kin ja baya har ki fita tsakar gida kafin ki samu rigarta da ɗaurin kai a hoto ɗaya. Na sha wannan wahalar a wani gida a Kawo, bayana manne da bango amma ko hannun lalle bai shiga ba.

Aisha_Lens ta amsa:

Yaya Sadiq ka yi haƙuri ban yarda da kai ba a nan. Kai hoton taro kake yi, ita kuma fuska take sayarwa. In ta matso da 30mm kusa don a ga gira da jan baki hancin amarya zai ƙara girma goshi ya taso, matsowa ce ke jawo haka, kuma ka san halin amare hoton da hanci ya fito ba za su yafe ba. Da 50mm ko Sigma 56mm 1.4 daga ɗan nesa za ta tsaya fuska ta zauna daidai yadda Allah ya yi ta. Cikakken tsayi kuma ai ga 16-50 nan a hannunta, ta fito da amarya baranda inda haske yake ta ɗauka.

Ummu in kuɗin bai kai na 56 ba ki nemi Sony 50mm 1.8 wanda aka rubuta OSS a jikinsa, ki lura da OSS ɗin nan don akwai wani 50mm 1.8 ɗin nasu da ba shi da shi. Amfaninsa yana rage rawar hannu, ita a6400 ba ta da wannan a cikin jikinta sai dai a lens, su kuma Sigma ɗin nan biyu ba su da shi. Kafin ki kashe ko kwabo ki gwada da na hannunki, ki tsai da zum a 30 ki yi aikin yini ɗaya ba ki taɓa shi ba, washegari ki tsai da shi a 50, da kanki za ki gane wanda ya fi dacewa da ɗakunan da kike shiga. Maganar gwaggo kuma ki bar ta, mu ma an faɗa mana, ran da ta ga hoton ita za ta fara cewa a tura mata ta WhatsApp.

Baba_Mai_Hoto ya amsa:

'Yata, ɗigon nan ba a kan gilashi yake ba, ƙura ce ta sauka a kan sensa. Faɗa min gaskiya, kin cire lens a fili ko? Mu da muka taso da na fim sannan muka koma manyan nan masu madubi, in ka cire lens madubi ne ke gaba da labulen shota a bayansa, su suke tare ƙurar. Waɗannan naku da aka cire wa madubin don su ƙanƙance, kina cire lens sensar ce tsirara tana kallonki. Ga shi muna cikin hunturu, hazon da ke rufe Kaduna har ba ka hango ƙarshen gada shi ne yake shiga ciki.

Ki tsuke ƙofar hasken zuwa f/16 ki ɗauki farin bango ko sama, duk inda ƙura take za ta bayyana. A cikin saitinta akwai wajen da take karkaɗe kanta, ki fara da shi. In bai fita ba ki nemi 'yar robar nan ta hura iska da masu gyaran kyamara ke amfani da ita, ki kifa bakin kyamarar ƙasa ki hura daga ɗan nesa kar tsinin ya taɓa. Kada ki hura da baki, yawu zai bi. Kada ki sa auduga ko gefen mayafi, kuma don Allah burushin hodarki ya tsaya a kan fuskar amare. In ya ƙi, ki kai wa wanda ya iya a wanke miki. Gaba in za ki canza lens ki kashe ta tukuna, ki shiga ɗaki ko mota, ki kashe fanka, ki yi da sauri.

Lens kuwa ni ban ga abin gaggawa ba. Ki zaunar da amarya kusa da taga ta ɗan karkato, ki kashe ƙwan ɗakin, ki sa wata ta riƙe farin zani a ɗaya gefen ya maido mata haske. Ƙwai mai ruwan ɗorawa da hasken taga in suka haɗu su ke ɓata launin hoda, a ga fuska daban wuya daban a ce laifin mai kwalliya ne.

Nura_Bidiyo ya amsa:

Layukan hol ɗin nan ni zan faɗa miki, na san kin kunna mata ɗauka shiru don kar a ji ƙas-ƙas. In tana shiru layi-layi take karanta hoton daga sama zuwa ƙasa, fitilun LED na hol kuma ƙiftawa suke yi da sauri ido bai gani, sai ƙiftawar ta fito a hoto. Ki kashe shirun. Wutarmu a Najeriya 50Hz ce don haka shota, wato lokacin da take buɗewa haske ya shiga, ki bar ta 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, bidiyo kuma ki duba tana kan PAL, tsarin da ya dace da wutar 50Hz, ki ɗauka a hoto 25 ko 50 cikin daƙiƙa, amma ki kwashe hotunanki kafin ki canza don wani lokacin tana neman a goge memori. In janareta ne ke aiki yana hawa yana sauka sai ki ɗan riƙa matsa shotar kina kallon sikirin har layin ya ɓace. Batir kuma NP-FW50 ne, ki ƙara biyu don ita irin wannan kyamarar sikirinta kullum a kunne yake, guda ɗaya ba zai kai ki daga kamu zuwa dina ba. Ki dai kula da jabu, na taɓa sayen wani a araha a wani shago ya kumbura a ciki sai da tsinke na zaro shi.

Ummu_Kwalliya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Baba ka kama ni, a tsakar gida na cire shi ina nuna wa ƙannena cikinta iska na kaɗawa. Na yi karkaɗewar, biyu sun tafi saura ɗaya a gefen hagu sai na samo robar. Yau na yi wa wata kwalliyar suna a Malali na bar zum a 50 yadda Anti Aisha ta ce, na sa ta bakin taga, fuskar kam ta yi kyau sosai amma da aka miƙo mata jaririn sai da na hau kan gado na tsaya a lungu kafin su shiga tare, Yaya Sadiq kar ka yi dariya. Gobe ina da amarya a Barnawa zan gwada 30 ɗin. Akwai mai 56mm a cikinku da zai ara min na awa ɗaya ran Lahadi? A gabansa zan saka, a cikin mota.