Tukunyar gwanjo: ta Ladi Kwali ce ko kama ce kawai?

Wata baiwar Allah ta sayi tulu a gwanjo, mai zanen ƙadangare da kunama, ta tambayi masu tara tsofaffin tukwane ko aikin Ladi Kwali ne, matar nan da hotonta ke bayan takardar naira 20.

Shawarar da kusan kowa ya fara bayarwa ita ce ta kife tulun ta duba gindinsa. Kayan cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, galibi suna da ɗan hatimi mai sunan Abuja da haruffan Larabci, kusa da alamar maginin. Ta Ladi Kwali LK ce. Ta shiga cibiyar a 1954 ta rasu a 1984, don haka in hatiman biyu na gaske ne, an san tsakanin shekarun da aka gina shi.

Zane kuwa ba hujja ba ne, domin matan Gwari da yawa suna yin irinsa. Wani dattijo ya ce a ƙwanƙwasa da yatsa: wanda aka gasa a tanda mai tsananin zafi yana ƙara kamar ƙararrawa, na gashin gargajiya a fili kuma sautinsa a dushe yake. A zura hannu ciki a shafa, ginin hannu ba ya barin layuka daidai wa daida irin na injin juyi.

Baƙin hayaƙi a jikin tulu bai burge kowa ba, kwana uku a murhu ya isa ya baƙanta sabon tulu. Aka kuma gargaɗe ta kada ta kankare tulun kafin masani ya gani.