Wai me za mu kira "sikwal" da Hausa? Gem ɗin kumbo ne ya jawo maganar

Salamu alaikum jama'a, 'yan gem na da da na yanzu ku matso kusa, yau kalma nake nema, kuma dan Allah kar wanda ya ce min "ai kowa ya gane", na san kowa ya gane, so nake mu samu tamu.

Satin da ya wuce ƙanen wani abokina da ke aiki a Abuja ya shigo Jos biki, muna tsaye bayan ɗaurin aure sai ya zaro wani ɗan kaset daga aljihu, bai fi kan ɗan yatsa biyu ba, ya ce Yaya na san kai ne mayen wannan abu. Ina dubawa na ga Nanostray 2, wani gem, wato wasan bidiyo, na harbi da kumbo. Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Ni da na ƙure na farkon ban san sau nawa ba a kan Nintendo DS ɗina (ƙaramar na'urar gem mai allo biyu, na ƙasan ana taɓa shi) ɗan Kwatano da na saya wajen wani mai kayan wuta a Taminus, ban taɓa riƙe wannan a hannu ba sai dai labari. Tun 2008 ya fito fa, ni sai yanzu da gem ya tsufa gemu ma ya fara furfura.

Da daddare na tono DS ɗin daga ƙasan akwati, marfin ya tsage dama tun da can da salatif na ɗaure shi, caja kuma ta yi ɓatan dabo sai washegari na gangara Dilimi wani yaro ya haɗa min wata. Na shige bargo saboda sanyin garin nan ba ya wasa, na buga har wajen ƙarfe biyu, ido ya yi ja kamar mai Afolo. Da safe na ɗauki waya zan ba 'yan uwa labari na rubuta "Nanostray 2 shi ne ... na Nanostray" sai na tsaya cak. Abin da Bature ke kira sikwal, wato wanda aka yi bayan na farko a kan tushensa, ban ga abin da zan sa a gurbin ba.

Sauran kalmomin ba su ba ni wahala ba. Jirgin dai kumbo ne, wannan Hausa ta gama da shi tun zamanin da Amurka ta kai mutum duniyar wata a 1969, don haka gem ɗin kumbo ya zauna. Irin salon kuma, wanda kana harbi ana yi maka ruwan harsashi kana gocewa, ni harba-ka-goce nake ce masa, kamar yadda aka yi faɗi-ka-mutu da tafi-da-gidanka, wanda bai so ba ya kawo nasa. Na'urar ce ma na so in ce gem na hannu sai na tuna a kasuwa in ka ce abu na hannu ne to wanda aka yi amfani da shi kake nufi, to sai na bar shi a gem ɗin aljihu, ko da yake nawa duka biyun ne, na aljihu ne kuma na hannu ne.

Kafin a fara kawo shawara bari in faɗi yadda gem ɗin yake don a nan maganar take. Mu da muka taso da gem ɗin Space Impact a Nokia 3310, lokacin da GSM ya shigo Najeriya a 2001 kana aron wayar yayanka ka ɓuya bayan ɗaki har batir ya mutu, mun san daɗin abin nan ba a labari yake ba, a yatsa yake. Nanostray na farko da kamfanin Shin'en na birnin Munik a Jamus ya ƙera aka fitar a 2005 kyau kam ba a magana, filin a ɗan kishingiɗe yake kamar kana leƙo shi daga sama, amma yana da wani hali guda da ya sha kashe ni: in za ka canza makami sai ka taɓa allon ƙasa. Ka duba fa, bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen fili, ya cika allo yana aman wuta, babban yatsanka na kan maɓallin harbi, sai ka ɗauke shi ka je laluben allo kuma idonka ya bar kumbo, kafin ka dawo an tashi da kai. A na 2008 sun cire wannan kwata-kwata. Tun kafin ka shiga fili za ka zaɓi ƙaramin makaminka, sannan akwai wasu 'yan ƙwallaye biyu da ke raka kumbon suna taya ka harbi kana juya musu mazauni da maɓallin kafaɗa, kuma wani filin daga ƙasa zuwa sama ake tafiya wani daga hagu zuwa dama irin na su Gradius da R-Type, wanda shi ne ya tuna min da Nokia har na ji wani iri. Gaskiya na yi kewar kishingiɗar nan ta na farko, ita ce ta sa na fara son shi, amma yatsana ya ce in yi shiru.

To bismillah, me za mu kira shi?

Amsoshinku sun fara shigowa, na ga mutum wajen shida sun ce kashi na biyu, wasu ma da mamakin wai ina tambaya. Na yarda a fim da littafi daidai ne. Duk mun san yadda ake yanke fim daidai inda ya ɗau zafi a rubuto mu haɗu a kashi na biyu, ko littattafan Hausa da ake saya na ɗaya na biyu na uku, labari ɗaya ne aka raba. Amma ku tuna me kashi yake nufi, je ka Farin Gada ka ga mai tumatir ya zube buhu ya kasa shi kashi-kashi, tumatir ɗin ɗaya ne, buhun ɗaya ne. Nanostray 2 ba ragowar buhun farko ba ne. Wanda bai taɓa ganin na farkon ba zai ɗauka ya buga bai rasa komai ba, ni kaina da na ƙure shi in ka tsare ni ka ce in ba ka labarin da ke ciki sai dai in yi maka kame-kame. Sannan ga Galaga, kamfanin Namco ya fitar da gem ɗin Galaxian a 1979 ya biyo da Galaga a 1981, duk duniya ta san sikwal ɗinsa ne amma babu lamba biyu a jikin sunan, kuma in aka yi na uku da na huɗu fa, kalmar da za ta rufe su duka nake nema.

Masu cewa ci gaba, na ji, sai dai kalmar ta yi faɗi, in na ce ci gaban gem wani zai zata harkar gem ce ta bunƙasa. Kuma tana yi wa abin shaida tun ba a gani ba, alhali mun sha ganin wanda ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Wani ɗan uwa daga Bukuru ya ce zango, tunda haka ake cewa a fina-finai masu dogon zango na talabijin. Malam ka kawo kalma mai kyau amma na riga na yi mata wurin zama. Zango ai inda fatake ke yada kaya su huta kafin su ɗauki hanya, to wannan shi ne siteji a cikin gem, ka kashe bos ka numfasa ka shiga zango na gaba. Ba zan ba da ita aro ba.

Wanda ya ce ɗori kuma Allah ya shirye ka, na gane daga ɗorawa ka ɗauko amma ni ina ji sai na hango mai karaya an danne shi ana ja masa ƙafa.

Yanzu ga wadda ta tsayar da ni. Wani dattijo da ya ce ya koyar da Hausa shekaru da yawa ya rubuto cewa kalmar da muke nema tana nan tun kaka da kakanni, mabiyi, wato wanda ake haifa daga kai sai shi. Baba na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, kuma wallahi ta fuskar ma'ana babu inda ta kauce, har na kusa rufe maganar. Abin da ya hana ni shi ne zamanin da muke ciki, yau in ka ce mabiyi hankalin yaro Facebook da TikTok zai tafi, wane yana da mabiya dubu kaza. In na rubuta mabiyin Nanostray rabin masu karatu za su ɗauka ni nake nufi, ni da nake bin sa tun ina saurayi. Amma Baba kai ka nuna min hanya, don ka mai da maganar cikin gida wajen haihuwa, kuma can ne amsar take.

Magaji ma da mutum biyu suka kawo ba zan yar ba, akwai inda ya dace. Kafin Nanostray su Shin'en ɗin sun yi Iridion 3D a 2001 da Iridion II a 2003 a kan na'urar Game Boy Advance, duk wanda ya buga Iridion II ya zo ya ga Nanostray zai ce wannan jinin gidan ne, ga kama nan a tafiya da komai, amma suna daban na'ura daban. To wannan shi ne magaji, ya hau kujerar bayan mai ita ya kau. Shi kuwa sikwal yana zuwa ne wansa na nan da ransa.

Kun ji na ce wansa ko? To haka ta faru da ni jiya ban ma lura ba. Ina zaune a tabarma ina fama, uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta ce Baban yara wai wannan ba shi ne wanda ka hana mu barci da shi muna amare ba, na ce a'a ƙanensa ne, ko ɗago kai ban yi ba. Ta ce au, ta wuce abinta, ba ta nemi ƙarin bayani ba, ita da ba ta taɓa riƙe gem ba ta gane sarai. Sai can da na mutu na ajiye na ce kai, ashe kalmar na bakina.

Ƙani. Uwa ɗaya uba ɗaya, kama a fuska, hali kowa da nasa. Kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san ƙani yana kallon abin da ya jawo wa yayansa bulala sai ya kauce masa, to haka na 2008 ya kalli dukan da wansa ya sha a kan allon taɓawa ya ƙi bi ta nan. Abin da ya fi burge ni kalmar tana shiga magana ba sai an tura ta ba. An yi wa gem ɗin nan ƙani. Yaushe za a yi masa ƙani? Ƙanen ya fi wan wuya. Galaga ƙanen Galaxian ne. In an yi na uku shi ma ƙani ne, in daga shi aka rufe sai mu ce auta. Ku gwada da mabiyi ko ci gaba ku ji yadda harshe ke tuntuɓe.

Na ga ƙorafin mai cewa to wanda aka yi daga baya amma labarinsa na kafin na farko ne fa, wanda suke kira firikwal? Ɗan uwa haihuwa muke ƙirgawa ba labari ba, shi ma ƙani ne, kawai dai ƙanen da ya zauna wajen kaka ya kwaso tarihin gida. In kana da kalma ta musamman dominsa kawo, amma ba ta rushe wannan ba. Mai cewa ba za a iya sa ƙani a jarida ba kuma, ai 'yar jarida da uwar jam'iyya da ɗan wasa duk a jaridar muke karanta su, Hausa ba ta taɓa jin kunyar raba wa abubuwa dangi ba. Inda labari ɗaya aka yanka biyu a ci gaba da cewa kashi na biyu, ban taɓa shi ba.

Wata 'yar uwa ta sa ni dariya har na farkar da yaro, ta ce to wanda aka yi don kuɗi kawai, aka canza launi aka manna lamba biyu, shi ma ƙani ne? Ta ce sunansa gyauro, abin da ya tsiro da kansa daga zubabben hatsin bara babu wanda ya yi noma. Hajiya na karɓa hannu bibbiyu, ko gyara ba na yi.

Saura 'yan ƙwallayen nan biyu masu raka kumbo, ina ta ce musu 'yan rakiya amma wani ya ce zagage, kamar masu tafiya gaban dokin sarki, kuma ina jin ya fi ni gaskiya, ku tofa. Ni dai akwai wani bos da ya tare ni tun daren jiya ya cinye min rai ya fi ashirin, ga fitilar DS ta koma ja, ga shi an ɗauke wuta a layinmu tun la'asar, bari in leƙa shagon mai caji kafin ya rufe.