Naloxone a Gombe: me ya sa ba a ganinsa a kanta, kuma nawa za mu ajiye?

Jami'in Lafiya, Pantami:
Assalamu alaikum. Ana yawan kawo matasa ƙananan asibitocin unguwa a sume bayan sun sha tramadol ko kodin, numfashi da kyar. Littafi ya ce a ba su naloxone, maganin da ke warware aikin irin waɗannan ƙwayoyi ya dawo da numfashi, amma ka zaga kantunan magani ba lallai ka samu ba. Tsada ce ko doka ce ta hana? In asibiti mai gado goma zai ajiye, guda nawa, kuma wane iri?

Mai harhaɗa magunguna, Jekadafari:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba doka ba ce, naloxone ba ya sa maye, ba a kulle shi kamar morphine. Ba sabon magani ba ne kuma, tun 1971 aka amince da shi a Amurka, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Matsalar ta ciniki ce. Mai buƙatarsa yana kwance a sume, 'yan uwansa ba su san sunansa ba, ga kunyar a ce ɗan gidan wane ƙwaya ta kayar da shi. To wa zai zo ya tambaya? Kwalbar tana yin shekara 2 zuwa 3 ta lalace a kan kanta, mai kanti ya yi asara sau ɗaya ba ya sake sarowa, dila ya ga ba a nema shi ma ya daina kawowa. Alhali binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 ne a Najeriya ke shan irin su tramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba.

Wanda za ka nema shi ne na allura, 0.4 mg a cikin 1 ml. Na fesawa a hanci, Narcan mai 4 mg, tun 2023 ake sayar da shi a Amurka ba takardar likita, a lokacin guda biyu wajen dala 45. Ka juya wannan zuwa naira ka ga dalilin da kasuwarmu ba ta ɗauke shi ba. Shawarata ka ajiye aƙalla kwalba 10, domin mutum ɗaya kaɗai na iya cinye 5. Ka saya ta hannun dila mai rajista, ka duba lambar NAFDAC. A bar shi cikin kwalinsa, nesa da haske, ƙasa da digiri 25. Zafin Maris da Afrilu a nan yana kai 40, don haka kada a ajiye shi a mota ko kusa da taga.

Likitan gaggawa, Bauchi:
Ranka ya daɗe, ka ce guda 10, na yarda. Sai dai kafin allura, numfashi ne farko. A buɗe hanyar iska, a sa jakar hura iska, hurawa ɗaya duk daƙiƙa 5 zuwa 6. Alamomi uku ake dubawa: ba ya farkawa ko an murza ƙashin ƙirjinsa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi ya gaza 10 a minti ko yana wani minshari kamar an shaƙe shi. A fatarmu ba a ganin shuɗin da littafi ke faɗa, sai a ɗaga leɓe a duba dasashi da farce, za ka ga sun yi toka-toka.

A fara da 0.4 mg a jijiya, in jijiya ta ɓuya a yi a cinya, a maimaita duk minti 2 zuwa 3. In an kai 10 mg bai motsa ba, a nemi wani dalilin, a gwada sukarin jininsa tun farko ma. Ga wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, gara a tsinka kwalba ɗaya da ruwan gishiri na asibiti ta cika 10 ml, a riƙa ba da 1 zuwa 2 ml. Numfashi ake so ya dawo, ba a ce ya miƙe zumbur ba. In aka antaya masa da yawa lokaci guda zai farka da amai, gumi da faɗa, ya fizge robar ruwa ya gudu.

Guduwar nan ita ce ke kashewa. Naloxone yana aiki minti 30 zuwa 90 ne kawai, ƙwayar kuwa tana nan a jini. Ya koma gida ya kwanta, naloxone ya sake shi, numfashi ya sake tsayawa. A riƙe shi sa'o'i ana ƙirga numfashi. Wanda numfashinsa ya sake raguwa, a sa masa naloxone a ruwa, kashi biyu bisa uku na adadin da ya farkar da shi duk awa, a tura shi babban asibiti.

Nas, Kumo:
Likita, a ƙara maganar tramadol, don ita ce ta fi yawa. NAFDAC 50 mg da 100 mg ta amince da su, iyakar yini 400 mg, amma ta bayan fage 225 ce da 250, ƙwaya biyu an wuce iyaka. Tramadol tana kawo jijjiga, naloxone kuma ba ya tsayar da ita, sai diazepam. Shi kuma diazepam yana rage numfashi, dole jakar hura iska na kusa. In an haɗa da roche (ƙwayar barci) ko giya, naloxone ɓangaren opioid kawai yake warwarewa, wato dangin tramadol da kodin. Haka ƙwayoyin tapentadol da carisoprodol, irin Tafrodol, da Indiya ta haramta haɗin nasu a 2025: tapentadol opioid ne, amma carisoprodol, maganin sassauta tsoka, ba ya jin naloxone. Pentazocine kuma, wani opioid na rage zafin ciwo, kan nemi naloxone mai yawa.

Don Allah a gaya wa iyaye su daina ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, huhu yake zarcewa. A kwantar da shi ta gefe, a taho da fankon abin da ya sha.

Jami'in Lafiya, Pantami:
Allah ya saka da alheri. Asarar lalacewar fa, Yallabai, ya za a rage ta?

Mai harhaɗa magunguna, Jekadafari:
Ku haɗu asibitoci uku ko huɗu ku sayi kwali ɗaya ku raba. A rubuta ranar lalacewa a jikin akwatin gaggawa, in saura wata 6 a yi musaya da sashen tiyata na babban asibiti, su suna amfani da shi a kai a kai. Kuma a bar shi a akwatin da nas ɗin dare zai iya buɗewa, ba a sito ba inda makulli ke aljihun wanda ya tashi aiki.