Taƙaitawa: itacen girki da makomar dazukanmu

Jama'a, ga abin da na tsamo daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda za a rage sare dazukanmu don itacen girki.

1. Kusan kowa ya yarda doka kaɗai ba za ta hana sare itace ba. Matar ƙauye ba za ta bar yara da yunwa don tsoron malamin daji ba.

2. Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce dabarar manoman Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980: kada a tumɓuke kututture lokacin sharar gona. A bar tohon gawo ko kalgo, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a sare sauran a kai murhu. Ni ma nan na karkata, don ba ta cin ko sisi. Sharaɗin dai manomi ya tabbata bishiyar tasa ce.

3. Murhu mai tsimin itace: babu gardama.

4. Gas ya raba kawuna. Wasu sun ce shi ne mafita, wasu suka ce tsadarsa da nisan wurin cikawa sun fi ƙarfin talaka.

5. Masu gawayi kuwa, a hana su ko a ba su lasisi da sharaɗin dasa wasu bishiyoyi? Masu cewa a hana sun fi yawa, amma ba su faɗi sana'ar da mutanen za su koma ba.