Jibin Ubangiji da Idin Ƙetarewa: tunawa ce kawai, ko Almasihu yana cikin gurasar?

Ɗaliba daga Kagoro:

Salama gare ku, 'yan'uwa. A ikkilisiyarmu ana koya mana cewa gurasa da ƙoƙon da muke ɗauka alamu ne na tunawa da mutuwar Yesu, amma 'yan Katolika sun gaskata cewa bayan addu'ar fada, wato firist, sun zama jiki da jinin Almasihu na hakika, 'yan Lutheran kuma suna da nasu bayanin. Tunda Yesu ya ci wannan jibi ne a lokacin Idin Ƙetarewa, shin sanin yadda Yahudawa suka fahimci idinsu zai iya raba mana wannan gardama?

Malamin makarantar Baibul, Jos:

'Yar'uwa, gardamar nan ta daɗe ƙwarai. A shekarar 1529 Martin Luther da Zwingli, jagororin gyaran ikkilisiya, sun zauna a garin Marburg na Jamus, suka daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, suka rabu a kan wannan kaɗai. Luther ya tsaya a kan maganar Yesu cewa wannan jikinsa ne, Zwingli kuwa, wanda ya ɗauki gurasar a matsayin alama, ya kafa hujja da Yahaya 6:63, inda aka ce Ruhu ne mai rayarwa. Daga baya Calvin, wani jagoran gyaran ikkilisiya, ya koyar da cewa mai bi yana cin Almasihu da gaske, amma ta wurin Ruhu Mai Tsarki da bangaskiya.

A ganina Idin Ƙetarewa yana da abin da zai gyara mana, musamman mu da muke cewa tunawa ce kawai. A Fitowa 12:14 an kira idin ranar tunawa, amma dubi yadda ake yin tunawar: ana yanka ɗan rago, iyali su ci shi da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci, kuma bisa Fitowa 13:8 uba zai gaya wa ɗansa cewa ana yin haka saboda abin da Ubangiji ya yi masa shi kansa sa'ad da ya fito daga Masar. Malaman Yahudawa sun ɗora a kan wannan aya cewa a kowane zamani mutum ya ɗauki kansa tamkar shi ne aka fitar daga bauta. Saboda haka almajiran da suka ji Yesu ya ce su riƙa yin haka domin tunawa da shi, abin da suka sani game da tunawa shi ne shiga cikin ceton da ake tunawa da shi, kuma Bulus ma ya kira ƙoƙon tarayya cikin jinin Almasihu a 1 Korintiyawa 10:16.

Katikis daga Zariya:

Na gode, Malam, amma ina ganin ka tsaya a tsakiyar hanya. A daren Fitowa shafa jini a madogaran ƙofa bai cika umarnin ba sai an ci naman ragon, kuma Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 5:7 cewa Almasihu ne ragon Ƙetarewarmu. Maganar jinin alkawari da Yesu ya yi a kan ƙoƙon kuma daga Fitowa 24:8 ta fito, inda Musa ya yayyafa wa jama'a jini na gaske. Majalisar Lateran ta 1215 da ta Trent a 1551, wato manyan tarukan shugabannin ikkilisiyar Katolika, sun tsara koyarwar cewa gurasa da ƙoƙon suna zama jiki da jinin Almasihu ne kawai, domin tun farkon ƙarni na 2 Ignatiyus na Antakiya ya zargi waɗanda suka ƙi yarda cewa jibin jikin Mai Cetonmu ne.

Tsohon fasto, Garkida:

'Yata, ina so ki yi hattara da abu biyu kafin ki ɗora dukan nauyin tambayarki a kan idin. Markus 14:12 ya nuna cewa jibin na Ƙetarewa ne, amma a Yahaya 18:28 shugabannin Yahudawa ba su riga sun ci idin ba a safiyar da aka kai Yesu gaban Bilatus, kuma har yau masana ba su zama baki ɗaya a kan yadda za a daidaita lissafin biyu ba. Ko irin gurasar ma an yi saɓani a kanta, domin ikkilisiyoyin Girka da Rasha suna amfani da mai yisti, Roma kuwa marar yisti, kuma wannan yana cikin abubuwan da aka yi jayayya a kansu a rabuwar 1054. Na biyu, tsarin idin da ake yawan kawowa a wa'azi, mai ƙoƙo huɗu, an rubuta shi ne a Mishna, littafin dokokin malaman Yahudawa, wajen shekara ta 200, bayan an rushe Haikali a shekara ta 70 an daina yanka hadaya. Mai wa'azin da ya ce ya tabbata ƙoƙo na uku ne Yesu ya ɗauka yana faɗin abin da Linjila ba ta faɗa ba.

Ɗan'uwana katikis, Firistoci 17 ya haramta wa Isra'ila cin jini da kakkausar murya, don haka tushen Yahudanci yana iya ƙarfafa wanda ya ji maganar a matsayin alama kamar yadda ya ƙarfafa ka. Na yarda da Malam cewa idin ya hana mu raina jibin, amma ban ga ya yanke hukunci a kan abin da gurasar take zama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wurin da Bulus ya kawo labarin jibin. A 1 Korintiyawa 11 ya tsawata wa ikkilisiyar ne saboda masu hali suna ƙoshi har suna buguwa, alhali matalauta suna zaune da yunwa, sai ya ce abin da suke ci ba Jibin Ubangiji ba ne. Wannan ne ya sa mu a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, muke haɗa jibin da wankin ƙafa da cin abinci tare, bisa ga Yahaya 13.

Ɗaliba daga Kagoro:

Na gode, Baba. Zan sake karanta Fitowa 12 tare da Yahaya 18 da 19, domin bambancin ranakun ne nake so in fara fahimta. Katikis, ina roƙonka ka bayyana mana yadda ikkilisiyarku take amsa hujjar Firistoci 17.