Wace kalma za mu ba wa "rift valley"?

Jama'a, ina shirya darasin labarin ƙasa na 'yan aji huɗu na sakandare, sai na cije a kan kalma ɗaya. Kwari muna da shi. Kwazazzabo ma muna da shi, wanda ruwa ya zaizaye ya bar gaɓa a tsaye. Fadama kuwa kowa ya san ta. Amma duk waɗannan aikin ruwa ne. Shi wanda Turawa ke kira rift valley ba ruwa ne ya haƙa shi ba: ɓawon ƙasa ne ake ja ta gefe biyu, ya tsage a layi biyu, yankin da ke tsakiya ya nutse ƙasa, gefunan su tsaya kamar katanga. Irin wanda ya ratsa Habasha da Kenya har Tanzaniya. Tafkin Tanganyika a cikin irinsa yake kwance, zurfinsa ya kai kusan mita 1,470.

Da safe wani abokin aikina ya ce mu ce "kwarin ruftawa", har yana murna wai ya yi kama da na Turancin a kunne. Na ce masa Malam, a yi haƙuri. Ruftawa farat ɗaya take zuwa, kamar rijiya ta rufta da mai haƙa. Wannan kuwa 'yan milimita yake matsawa a shekara, shekaru miliyoyi ana abu ɗaya.

Wata Malama ta kawo "kwarin tsaga". Ya fi kusa. Matsalata da shi, tsaga ƙarama ce a kunnen Bahaushe: tsagar tukunya, tsagar fuska. Yaro zai zaci wani siririn layi ne da zai iya tsallakewa, alhali faɗin kwarin a Kenya ya kai kilomita gommai, da gonaki da garuruwa irin su Nakuru a cikinsa.

Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da darewa. In bango ya dare, gefe biyun sun rabu, kana ganin haske ta tsakani. Haka ta faru a yankin Afar na Habasha a 2005, inda ƙasa ta buɗe tsawon kusan kilomita 60 cikin 'yan makonni. Ba sai mun je nesa ba ma: kwarin Binuwai asalinsa haka ne, ya fara darewa lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, sai darewar ta tsaya a hanya, yashi da laka suka cike gurbin.

Sai dai a kula wajen rubutu. Na fara rubuta "kwarin dare" a allo, wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, da rana babu shi ne?" Ajin ya tuntsure da dariya. Na goge, na rubuta "kwarin darewa". Shi na sa a takardar darasin gobe, sai in Malaman Hausa da ke nan sun kawo wanda ya fi shi kafin a kaɗa ƙararrawa.