Me ya sa 127.0.0.1 ke buɗewa a laftof ɗina amma ya ƙi a waya?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Ina kan aikin kammala digiri, manhajar rajistar ɗalibai ce da na rubuta da PHP. Na sa XAMPP, manhajar da ke mayar da laftof saba, na kunna Apache (mai miƙa shafukan) da MySQL (rumbun bayanai), duk sun yi kore. In na rubuta 127.0.0.1/rajista a laftof, shafin yana buɗewa lafiya lau, ko da babu data kwata-kwata. Jiya da daddare na so in ga yadda zai fito a waya, na rubuta adireshin nan a Chrome, ya ƙi. Na tura wa abokina ta WhatsApp, shi ma haka. Ranar Litinin zan nuna wa malamin da ke duba aikina, kuma ina so ya gwada da wayarsa. Don Allah ina matsalar take?

Mai Gyaran Netwok:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Kwantar da hankalinka, aikinka bai lalace ba.

In ka ce wa mutum "je ka gida", gidansu zai nufa, ba naku ba. Haka 127.0.0.1 yake: kowace na'ura ta karanta shi, kanta take fahimta. Laftof ɗinka ya nemi shafin a cikin kansa, ya tarar da Apache yana jira. Wayarka ma ta nema a cikin kanta, ba ta tarar da kowa ba. Sunansa loopback, don saƙon ba ya fita ta kebul ko Wi-Fi, juyowa yake tun a cikin tsarin kwamfutar. Shi ya sa ka ga yana aiki ba data.

Tsohon tsari ne. Tun a 1986 takardar ƙa'idojin intanet mai suna RFC 990 ta ware duk adireshin da ya fara da 127 don wannan aiki, fiye da miliyan 16 ke nan, kuma RFC 1122 ta 1989 ta hana su bayyana a wajen na'ura. A IPv6 kuwa, sabon tsarin adireshin intanet, ɗaya tal aka ba shi, wato ::1. Kalmar localhost suna ce kawai da ke nuni gare su.

Abin yi: kunna hotspot a waya, haɗa laftof da shi, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Duba layin IPv4 Address, galibi lambar tana farawa da 192.168. Ita za ka rubuta a waya, ka biyo ta da /rajista. In ya ƙi, sai ka duba Windows Firewall ka ba Apache izini. Malamin naka ma dole ya hau hotspot ɗin nan. Abokinka da ke wata unguwa ba zai gani ba sai ka ɗora aikin a saba ta intanet.

'Yar Kofar Mata:
Yaya ya gama magana, amma bari in ƙara abin da ya taɓa cinye mini yini guda. Duba cikin code ɗin manhajarka ko ka rubuta http://localhost a adireshin hotuna ko CSS. In ka yi haka, shafin zai buɗe a waya amma tsirara, ba kala ba hoto, domin wayar za ta koma neman fayilolin a cikin kanta.

Sai dai kada ka bi kowane localhost ka canza. Wanda ke fayil ɗin haɗi da MySQL ka bar shi yadda yake, saboda PHP da rumbun bayanan a laftof ɗaya suke zaune. Amfanin loopback da na fi ji da shi ke nan: abin da ke saurare a 127.0.0.1 kaɗai, na waje ba ya isa gare shi. Kuma XAMPP yana zuwa da root, babban asusun MySQL, ba kalmar sirri, ka sa masa kafin ka hau Wi-Fi na makaranta.

Ɗan Samaru:
Alhamdu lillahi, ya buɗe! Hotunan ma na gyara, wuri uku na samu. Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya: wurin ɗaukar hoton ɗalibi da kyamara yana aiki a laftof, a waya kuwa ko izini bai nema ba.

'Yar Kofar Mata:
Amin. Wannan daga Chrome ne. Ba ya barin shafi ya taɓa kyamara sai ta https, amma ya yi wa localhost rangwame tunda saƙon ba ya barin na'urar, babu mai tare shi a hanya. Adireshin 192.168 bai sami wannan rangwamen ba. Don ranar Litinin, nuna kyamarar a laftof, a waya kuma ka sa maɓallin ɗora hoto daga ma'ajiya. In kana da kebul na USB, buɗe chrome://inspect a laftof ka kunna port forwarding, wayar Android za ta ga shafin a matsayin localhost, kyamarar ta yi aiki.